Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Shari'a: Gidan Kaso Ba Asibiti Ba Ne

Mai girma Minista,

Daga Mirriya nake rubuto maka, kuma haƙurina ya ƙare.

Har yaushe za a yi ta cusa yaranmu gidan kaso a kan ƙwayar tiramol biyu ko ƙullin wiwi ɗaya? A unguwarmu akwai ɗan kabu-kabu da ya fara haɗiyar tiramol don ya jure zirga-zirgar Mirriya da Damagaram cikin rana. Da rabin kati aka kama shi. Uwarsa ta sayar da akuyarta, tana bin mota da kwanon tuwo tana kai masa. Ya fito babur ya koma hannun wani, an fasa ba shi mata, ya kuma haddace sunayen ƙwayoyin da bai taɓa ji ba. Wannan ne gyaran? Mun ba ku mashayi, kun maido mana ɗan daba.

Ranka ya daɗe, kai masanin shari'a ne, ba sai na karanta maka dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 23 ga Satumba 1999 ba. Ta haura shekara 25 tana aiki. Shaye-shaye ya ragu? Ka tambayi iyayen unguwar Kara-Kara ta Damagaram.

Jami'an OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, sun cancanci yabo. A Maris 2021 an kama tan 17 na wiwi a Yamai, a Janairun 2022 kuma an kama kilo 214 na hodar ibilis cikin motar magajin garin Fachi. To, a nan ɓarnar take. Amma kullum an bar jaki ana dukan taiki, don shi ɗan talaka ba ya da wanda zai buga wa waya.

Na san za a ce ina halatta haram. Haram tana nan haram, mai sayarwa kuma a ɗaure shi, ɗauri mai tsanani. Mai sha kaɗai nake roƙa wa magani. Fotugal ta daina ɗaure mai ɗan abin shansa tun 2001, tana tura shi gaban kwamitin da ke haɗa shi da masu jinya. Gana ta mayar da ɗaurin mai sha zuwa biyan tara a 2020. Kwamitin da tsohon shugaban Najeriya Obasanjo ya shugabanta ya ba ƙasashen Afirka ta Yamma wannan shawara tun 2014. Jihar Oregon ta Amurka ta saki mashaya a 2020 kafin wuraren jinya su wadata, ta janye a 2024, don haka ban ce a sake su haka kawai ba.

Ga buƙatunmu: a gyara dokar 1999, a fayyace adadin da ke raba mai sha da dila. A buɗe wurin jinyar mashaya a jihar Damagaram. A sa malamai da masu unguwanni cikin sa ido kan yaran. A tsare hanyoyin da ƙwayar ke shigowa.

Ranka ya daɗe, kowane yaron da kuka ɗaure a kan ƙwaya biyu, cikinmu zai dawo, da fushinsa da sabon iliminsa. Mu ne za mu fara ɗanɗanawa, amma ba a Mirriya abin zai tsaya ba. Alƙalami yana hannunka yau, gobe kuma Allah zai tambaye ka abin da ka yi da shi.

Wassalam.

Wani uba daga Mirriya