Ina Ya Kamata A Je Daga Sabuwar Bussa?

'Yan'uwa, wanda ya tafi hutu Sabuwar Bussa, kusa da Tafkin Kainji, kada ya ɓata yininsa cikin mota don a ce ya je nesa. A ganina ya fara da madatsar ruwa, wadda aka gina daga 1964 zuwa 1968. Ruwan nan shi ya haɗiye Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya hallaka a 1806. Gobe mu za mu koya wa yara wannan, gani kuwa ya kori ji. Kashegari ya yi sammako wurin masunta, ya ga yadda ake bandar kifi. Amma dajin Borgu, kada ya shiga sai mutanen gari sun ce hanya lafiya. Rai ya fi kallo.