Dukiyar Ɗaurarre Ba Gado Ba Ce

Jama'a, wanda aka kai gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse bai mutu ba! To me ya sa tun bai yi wata guda a ciki ba, 'yan'uwa suke fara wawason kayansa kamar an yi sadakar uku? Wannan ya hau babur, wancan ya karɓe katin banki, kawu ya sa gona a kasuwa wai za a ɗauki lauya, lauyan kuwa shiru. Matarsa da 'ya'yansa suna kwana da yunwa, mai gidan haya yana ta sallama a ƙofa.

Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya jiran shari'a suke yi. Alƙali bai ce sun yi laifi ba. Wanda aka yanke wa hukuncin ma, abin da kotu ba ta ƙwace ba nasa ne har gobe.

Dangi, ku zauna ku fitar da mutum ɗaya mai tsoron Allah, sannan ku je ziyara ku ji ta bakin mai dukiyar, domin shi ke da ikon naɗa wakili. A rubuta takardar wakilci a gaban lauya da shaidu. Kai kuma da aka ɗora wa amanar, sayi littafi. Kuɗin haya, amfanin gona, zubin adashi, bashin da ake binsa da wanda yake bi, kowace naira ka rubuta. In ma'aikaci ne ko ɗan fansho, je ofishinsu ka tambayi haƙƙinsa. Ciyar da iyalinsa ita ce gaba da komai.

Ga abin da ya fi ci mini rai. A watan Nuwamba na 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fara sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara da diyya. Mutum nawa ne a cikinsu suke da akuya ko fili a gida da zai iya fitar da su tuntuni, amma dangi suka yi gum? Ko kuɗin lauya babu, ai akwai hukumar Legal Aid Council da ke tsaya wa marasa hali kyauta tun 1976.

Malamai, ku faɗi wannan a huɗuba. Masu unguwanni, ku kira dangin duk wanda aka tsare a unguwarku, ku tambaye su wa ke riƙe da kayansa, kuma a nuna muku littafin.