Zinarin Anka da littattafan Fulorans

A shekarar 1550 aka buga wani littafi a birnin Benis na ƙasar Italiya, kuma a cikinsa akwai sunan Zamfara. Marubucinsa, Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa ne ta Andalus, tashin birnin Fas. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518, aka miƙa shi kyauta ga Paparoma Leo na Goma, aka yi masa wankan shiga Kiristanci, aka laƙaba masa sunan ubangidansa. Ya kawo bayanin Gobir da Kano da Katsina da Zazzau, da ya zo kan Zamfara sai ya yaba hatsinta da shinkafarta da audugarta, sannan ya siffanta mutanenta da siffar da ta kusa haɗa su da dabbobi. Masana tarihi da dama na shakkar ko ya taɓa taka ƙasar. Duk da haka, da wannan littafi Turawa suka dogara shekaru aru-aru wajen sanin kakannin mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum, kuma ya fito ne a tsakiyar zamanin da suke tinƙaho da shi, wanda suke kira Renesans, wato Zamanin Farfaɗowa, lokacin da suka ce wai sun gano darajar ɗan Adam.

Da an ambaci wannan zamani sai matasa su rabu biyu. Wanda ya ɗan leƙa jami'a ya ɗauka daga nan hasken duniya ya keto. Ɗan uwansa kuma ya toshe kunne, ya ce ai tarihin gumaka ne da hotunan tsiraici. Dukansu biyu ba su tsaya sun duba ainihin abin da mutanen suka yi ba.

Waɗanda ake kira masu falsafar ɗaukaka ɗan Adam, asalinsu malaman nahawu ne da balaga da waƙa da tarihi da ladabi. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya san waɗannan fannoni. Babban aikinsu shi ne farautar tsofaffin littattafan Rumawa da Girkawa da aka jibge aka manta. Petrarch ya gano wasiƙun Cicero a Verona a 1345. Poggio Bracciolini ya riƙa bin gidajen ibadar Kirista yana kakkaɓe ƙura, har a 1417 ya tono wani littafin Lucretius da aka ɗauka ya ɓata. In sun samu sai su kwafe da hannu, su gwada kwafi da kwafi, su fitar da kuren masu kwafa. Da wannan ilmi ne Lorenzo Valla ya tona asirin wata takarda a 1440, wadda fadar Paparoma ta daɗe tana riƙe da ita a matsayin shaidar cewa Sarki Constantine ya ba ta mulkin yammacin daular Rum. Ya bi kalmominta ɗaya bayan ɗaya, ya nuna akwai lafuzzan da ba a san su ba a zamanin sarkin, saboda haka jabu ce. Ɗalibin hadisi ba zai ji wannan ya yi mamaki ba, don malamansa sun daɗe suna tankaɗe ruwaya da rairaye ta kafin a haifi Valla.

Haka abin yake a ɓangaren zane da gini. Dabarar da ke sa zane a shafaffen bango ya yi zurfi, abu na nesa ya ƙanƙance, lissafi ce da ilmin gani, kuma Lorenzo Ghiberti, mai ƙera ƙofofin tagulla na Fulorans, ya kwaso da yawa cikin abin da ya rubuta kan gani daga littafin Ibnul Haisam, wanda ya rayu a Alƙahira. Raphael da ya zana taron masana a fadar Paparoma wajen 1510, sai da ya sa Ibnu Rushdi a ciki da rawaninsa. Hukuncin zana mai rai na hannun malamai, kuma ba wanda ya ce wani ya je ya sassaƙa gunki. Amma lissafin da ya ɗaga ƙubbar babban cocin Fulorans, wadda Brunelleschi ya kammala a 1436, shi ne dai lissafin da magini ke bukata in zai ɗaga ƙubbar masallaci.

To, wa ya biya? Attajirai. Fulorans ta fara buga kuɗinta na zinari a 1252, kuma kaso mai yawa na zinarin da ke yawo a kasuwannin Bahar Rum a lokacin daga Afirka ta Yamma yake, raƙuma ke ƙetara Sahara da shi. Cosimo de' Medici, mai banki, ya gina ɗakin karatu na San Marco da aka buɗe a 1444, ya zuba littattafai, ya bar masu neman ilmi su shiga. Ba waliyyi ba ne, neman suna da mulki na cikin nufinsa. Sai dai kuɗinsa ya zama littafi, littafin kuma yana nan har yau.

Inda gizo ke saƙar shi ne wane ne ɗan Adam ɗin da ake ɗaukakawa. A 1486 Pico della Mirandola, saurayi ɗan shekara 23, ya rubuta shahararren jawabinsa kan darajar mutum, har ya buɗe shi da maganar wani Balarabe mai suna Abdullahi. Amma a 1444, shekarar da aka buɗe ɗakin karatun Cosimo, aka sauke mutum 235 da aka sato daga gaɓar Afirka aka raba su kamar tumaki a garin Lagos na Fotugal. Paparoma Nicholas na Biyar, masoyin littattafai, wanda ya aza harsashin ɗakin karatun Vatican, shi ne ya sa hannu a 1452 kan takardar da ta ba sarkin Fotugal izinin bautar da Musulmi da waɗanda suka kira arna har abada. Duk mai yabon wannan zamani da ya tsallake wannan, to ya ci amanar mai sauraronsa.

Sai dai kafin matashi ya gama tsine wa Turawa, ya waiwayo gida. A 2010 aka gano yara na mutuwa a Dareta da Abare da Sunke da Bagega ta ƙasar Anka, da Yargalma da Tungar Guru ta Bukkuyum. Dutsen zinari ake kawowa cikin gida a daka, a niƙa, ƙurarsa mai gubar dalma ta bi ƙasar da yara ke rarrafe, ta shiga abinci da ruwa. Sama da yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara kawo ɗauki, Bagega kuma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan dogon jiran kuɗi daga Abuja. Ba Bature ne ya manta da darajar waɗannan yara ba. Waɗanda suka yi arziki da wannan zinari, ina ɗakin karatun da suka gina? Ina almajirin da suka ɗauki nauyinsa? Zinari ya fita, rami da kabari suka rage.

Alhali abin da za a farfaɗo da shi yana nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi. Gummi ta fitar da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan alƙalin garin, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. A irin waɗannan gidaje na malamai da alƙalai akwai gafakoki da adakoki cike da rubutun hannu, na fiƙihu da nahawu da hisabi da magani da waƙoƙin ajami, gara na ci, damina na jiƙawa, ga kuma 'yan bindiga da ke tayar da ƙauyuka, mai gudun ransa ba ya tsayawa ɗaukar gafaka.

Wannan aiki ba ya jiran attajiri. 'Yan uwa uku ko huɗu masu karanta Larabci da ajami sun isa su nemi izinin dattijon gida, su buɗe, su jera warƙoƙi, su ɗauki hoton kowane shafi da waya, su rubuta sunan littafi da na mai kwafarsa, su mayar da kayan mutane inda suke. Abin da ya shige musu duhu, akwai masana a Arewa House ta Kaduna da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. In kuma mutum ya ɗauki tsohuwar warƙa, ya ɗaga ta ya duba a hasken rana, sau da yawa zai ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikin takardar. Masu yin takarda na yankin Benis ne suka sa shi, fatake suka ƙetaro hamada da ita.