Zancen Gida: In Kasuwar Hannun Jari Ta Faɗi

Masu karatu, a wannan wata za mu taɓa zancen hannun jari, wato sayen ɗan rabo cikin kamfani. Sa'ad da farashi ya soma faɗuwa, tsoro yakan kama mutane, kowa ya ruga ya sayar. Yawan sayarwar nan ne kuma ke ƙara karya farashin.

Mun ga haka a Legas. A watan Maris na 2008 kasuwar ta kai ƙololuwa. Kafin shekara ta kewayo, ta zubar da wajen kashi biyu cikin uku na darajarta. Waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari, gama bashi ba ya jiran farashi ya tashi.

Manomi ya san cewa da kaka ake sayen hatsi da araha a zuba a rumbu. Haka mai haƙuri yakan sayi rabon kamfani mai ƙarfi lokacin da ya yi araha. Amma damina tana da lokacinta, kasuwa ba ta da shi. Ma'aunin kasuwar Legas bai koma matsayinsa na 2008 ba sai a 2023, shekara 15 ke nan.

Saboda haka kada mu sa kuɗin makarantar yara ko na cefane. Kada mu ci bashi. Mu raba kuɗin cikin kamfanoni dabam dabam, mu saya kaɗan kaɗan. Maigida kuma ya yi shawara da uwargida tukuna, gama in asara ta zo, tukunyarsu ɗaya ce.