Toriyam: Arzikin Da Ke Jiran Masana

Masu karatu, a wannan mako za mu duba wani ƙarfe da ake kira toriyam, wanda ya ninka yuraniyam yawa a cikin ƙasa kamar sau 3. Shi dai ba ya tayar da injin nukiliya shi kaɗai, sai an gama shi da yuraniyam ko fulutoniyam, sa'an nan ya rikiɗe ya zama yuraniyam-233, wanda shi ne ke ba da zafin da ake samar da lantarki.

Amurka ta gwada shi a tashar Shippingport daga 1977 zuwa 1982. Jamus kuwa ta rufe tata tashar ta Hamm a 1989 saboda tsada. Indiya ce ba ta karaya ba tun shirin Homi Bhabha na 1954, domin yashin gaɓar tekun Kerala cike yake da shi. Sin ma ta kunna ƙaramin injin gwaji a Gansu a 2023.

Mu nan yana jibge cikin tarkacen haƙar kuza a Jos, inda ya zama barazana ga lafiyar jama'a. Yaushe za mu horar da masanan da za su kula da shi?