Ra'ayinmu: Amfilifayar Falo a Garwa, Matsakaiciya ko Ta Manya?

A Garwa da Marwa da Ngaundare, kayan sauti sun daɗe da shiga jerin kayan ɗakin amarya, sun kuma zama abin da magidanci ke fara tunani da zarar ya gama ginin falo. Mai kanti zai jera maka amfilifaya biyu na kamfani ɗaya, ya nuna ta dama ya ce wannan ta kowa da kowa ce, ya nuna ta hagu ya ce wannan ta manya ce, kuɗinta kuma ya fi. Mai saye sai ya tsaya yana waswasi: ƙarin kuɗin nan na sauti ne ko na suna? Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya, domin kuɗin da ake magana a kai gumin watanni ne.

Kusan duk manyan kamfanonin Japan haka suke raba hajarsu gida biyu. Sony na da jerin ES, Pioneer na da Elite, Onkyo na da Integra. Mu ɗauki Yamaha, tunda sunan ba baƙo ba ne a arewacin Kamaru: mun san shi a jikin babur, mawaƙanmu sun san shi a jikin fiyano. Kamfanin ya faro a 1887 a garin Hamamatsu da ƙera kayan kiɗa, sai a 1955 sashen babura ya zama kamfani mai cin gashin kansa. Amfilifayoyinsa na falo masu haɗe da rediyo suna zuwa da lamba RX-V, waɗannan su ne matsakaita. A 2010 ya fito da jerin manya mai suna Aventage, masu lamba RX-A.

Adalci ne a fara da abin da jerin manya ya fi da shi, domin ba duka ne talla ba. A saman jerin akwai RX-A8A, wadda ke iya tuƙa lasifika 11, kowace hanya da ƙarfin wat 150, an kuma fitar da ita kasuwa a kan kusan dala 3,000. Mai gyaran rediyo in ya kwance murfin irin wannan, abin da zai fara gani shi ne taransifoma mai nauyi, da manyan ƙarafan da ke shanye zafi, da gangar jiki mai kauri wadda ba ta karkarwa. Waɗannan ne ke sa sauti ya tsaya da ƙafarsa idan an ƙure murya, ganga ta fito da nauyinta, muryar mai magana ba ta narke cikin hayaniyar fim ba. Wanda ke da falo mai faɗi da lasifikoki masu cin wuta zai ji bambancin da kunnensa. Masu cewa araha ba ta ado suna da hujja a nan.

Sai dai yawancin masu saye ba a saman jerin suke ciniki ba, a tsakiya suke, inda jerin biyu suka haɗu. RX-V6A da ta fito a 2020 da RX-A2A da ta biyo bayanta duk hanyoyin lasifika bakwai gare su, duk wat 100, duk suna karɓar sautin Dolby Atmos, duk suna zuwa da 'yar makirufo da ake ajiyewa a wurin zaman mai saurare na'urar ta auna falon ta daidaita kanta. Abin da ta manyan ta ƙara shi ne ƙafa ta biyar a tsakiyar cikinta don rage girgiza, da ɗan ƙarin ingancin jiki, da garanti mafi tsawo. A Amurka an fitar da ta farko a kan dala 600, ta biyu dala 800. Tazarar ta haura sefa 100,000 tun kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani da ba na noma ba ya tsaya a sefa 60,000 tun 2023.

Lambar wat ma tana ruɗin mutane. Idan aka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, ƙarar da ke ƙaruwa desibel 3 ce kawai, kunne zai lura amma ba sosai ba. Kafin mutum ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ƙara ƙarfi kusan sau goma. Tsakanin wat 100 da wat 150 bambancin bai kai desibel 2 ba. Lasifika mai kyau da ɗaki mai darduma da labule sun fi wannan tasiri nesa ba kusa ba, musamman a gidajenmu na bulo da tayil inda sauti ke dukan bango ya dawo.

Sannan me muke saurare? Karatun Alƙur'ani da tafsiri, labaran CRTV, finafinan Kano, waƙoƙin Hausa da na Fulatanci daga waya, da wasan ƙwallo. Mafi yawansu hanya biyu aka naɗe su, dama da hagu. Na'urar da aka ƙera don lasifika 11 ba za ta ƙirƙiro abin da ba a naɗa ba. Dattijon da ke kama BBC a gajeren zango kuwa, duk jerin biyu babu mai wannan zangon, ƙaramar rediyonsa ta batir ce za ta ci gaba da yi masa aiki.

Babban alƙali a wannan shari'a shi ne yanayin Garwa. Wutar arewa ta dogara ne da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda ta fara aiki a 1982 da ƙarfin megawat 72. Idan ruwa ya ja baya, sai a shiga rabon wuta. Tashoshin wutar rana da aka buɗe a Marwa da Gidar a 2023 sun rage raɗaɗi, amma ɗauke wuta da dawowarta da ƙarfi ba su ƙare ba. Wutar da ta dawo da hauka ba ta tambayar lambar na'ura, RX-V da RX-A duk ɗaya ne a wurinta, sai dai asarar mai tsadar ta fi ciwo. A watannin Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, amfilifaya kuma da kanta zafi take fitarwa, shi ya sa masu ƙera ta ke cewa a bar mata sarari sama da gefe. Mu kuwa sai mu cusa ta cikin kabad mai gilashi, mu shimfiɗa mata ƙyallen ado a kan ramukan iska, mu ɗora dikoda a sama. Hunturu ya zo ya cika cikinta da ƙura har ta yi dandaƙi a kan allon wayoyi. Na'urar da aka yi wa haka, ko ta miliyan biyu ce, kwananta ƙidayayye ne.

Garantin da aka biya kuɗinsa shi ma ba kasafai yake ƙetaro teku ba. Kayan da suka biyo ta Duwala, ko ta Yola da Mubi, ko aka sayo a Dubai, yawanci garantinsu na ƙasar da aka fara sayar da su ne. Akwai misali a kusa: an gano matsala a allon HDMI na amfilifayoyin da suka fito a 2020, wadda ta hana su ɗaukar hoton wasu sababbin na'urorin wasan bidiyo yadda ya kamata, ta kuma shafi RX-V6A da RX-A2A baki ɗaya. Yamaha ya ɗauki nauyin sauya allon, wannan abin yabo ne. Amma hakan na buƙatar kai na'ura wurin wakilin kamfani, abin da ya fi sauƙi ga mazaunin Faransa fiye da mazaunin Garwa. Masu sayen na hannu su ƙara kula da abu ɗaya: wadda aka yi don Amurka wutar bolt 120 take ci, tamu kuwa 220 ce. A jona ta kai tsaye, ta ƙone nan take.

'Yan kasuwa ma akwai hakki a kansu. Mai kanti ya faɗa wa mai saye daga ina kaya suka fito, wace wuta suke ci, wa zai gyara in sun lalace. Ya kunna biyun a kan lasifika ɗaya da ƙara ɗaya, ya bar kunnen mai kuɗi ya yanke hukunci. Mai gidan kallon ƙwallo ko mai kayan biki kuma a gaya masa gaskiya cewa duk biyun ba nasa ba ne, amfilifayar taro yake buƙata, wadda aka ƙera don ta wuni tana aiki.

Ra'ayinmu shi ne, daidai ruwa daidai tsaki. Ga mafi yawan gidajen arewacin Kamaru, matsakaiciya ta wadatar. Rarar kuɗin a sa ta a lasifikoki biyu masu kyau, da sitabilaiza mai ƙarfi, da kanta mai shan iska, a kuma riƙa kai na'urar a hure mata ƙura bayan kowane hunturu. Jerin manya ya dace da wanda ke da babban falo, da wuta tsayayya ta sola ko inbata, da tabbacin inda zai kai gyara, shi ma ya nufi saman jerin inda bambancin yake na gaske. Ƙaramar cikin manya, wadda ke da ɗan bambanci da matsakaiciya, ba mu ga ta cancanci ƙarin sefa 100,000 a Garwa ba. Kafin ka biya, ka saurara da kunnenka, ka duba bayan na'urar ka ga wutar da take ci, ka kuma tambayi mai gyaran unguwarku ko yana samun kayan gyaranta.