Rajista Ba Karatu Ba Ce

Duk ranar 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, akan hallara a ɗakunan taro na Abuja da manyan biranen jihohi a karanto alƙaluma: mutum kaza aka yi wa rajista, cibiyoyi kaza aka buɗe, takardun shaida kaza aka raba. A 'yan shekarun nan kuma wata magana ta zauna a bakin jami'ai da ƙungiyoyin ba da tallafi, wai abin da ya daƙile ilimin manya shi ne ƙarancin bayanai. A sayo kwamfutoci, a horar da ma'aikatan ƙididdiga, a tara sunayen kowace cibiya a rumbu ɗaya, shi ke nan tsari zai miƙe. Ban yarda da wannan magana ba, kuma ina ganin tana cutar da mutanen da ake cewa za a taimaka. Muna da alƙaluma jibge a ofisoshi. Ciwon shi ne abin da muke ƙirgawa ba shi ne karatu ba, kuma wanda muka ba aikin ƙirgawar shi ne wanda ake auna aikinsa da sakamakon.

A fara da littafin rajista, tunda a kansa aka gina komai. Duk wanda ya san yadda ajin yaƙi da jahilci yake tafiya a ƙauye ya san cewa ranar buɗewa ba masaka tsinke. Mai unguwa ya yi shela, an ce za a raba littafi da fensir, kowa ya zo ya ba da suna. Daga nan rayuwa take shigowa. Samari su tafi ci-rani. Ranar kasuwa aji ya zama kufai. Ruwa ya sauka, maza su koma gona daga asuba, su dawo jiki ba ƙarfi. Wannan ta haihu, waccan mijinta ya ce zaman ya isa haka, wata kuma idonta ba ya ganin allo da yamma saboda ba fitila. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a takardar da ake aikawa hedikwata. Sunan da aka rubuta ranar farko yana nan daram har ƙarshen zango, kuma shi ne zai hau kwamfuta a matsayin mutum ɗaya da aka ilimantar. Manomi ba ya ƙirga irin da ya zuba a rami ya ce ya yi noma, damin da ya shiga rumbu yake ƙirgawa. Mu kuwa shekara da shekaru iri muke ƙirgawa.

Wannan darasi tsoho ne, duniya ta biya kuɗinsa tuntuni. Tsakanin 1967 da 1973 UNESCO ta gudanar da wani babban shirin gwaji na koyar da manya a ƙasashe 11, ciki har da Mali da Sudan da Tanzaniya. Da aka fitar da rahoton tantance shi a 1976, sai aka tarar ƙaramin kaso ne na waɗanda aka yi wa rajista suka kai ga iya karatun da aka yi niyya. Mu a nan, Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da gangamin shekara goma na yaƙi da jahilci a 1982. A 1990 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin manya. Kowane zamani ya zo da alƙawarinsa da adadin mutanen da zai ilimantar. Amma alƙaluman da UNESCO ta bayar na 2018 sun nuna kusan kashi 62 cikin ɗari ne kawai na manyan Najeriya suka iya karatu da rubutu. Da a ce duk sunan da ya taɓa shiga rajista ya fito da karatu, da ba a nan muke ba.

Sai batun mai ƙirga. Malamin aji ne ke cika rajista, shi kuwa ɗan alawus ɗinsa, wanda sau da yawa yakan yi watanni bai zo ba, ya rataya ne a kan ajin ya ci gaba da kasancewa a takarda. In ya rubuta gaskiya cewa ɗalibansa sun watse da damina, gobe a rufe cibiyar. Mai kula da cibiyoyi a ƙaramar hukuma yana son a ce yankinsa na aiki. Hukumar jiha tana son kaso a kasafin kuɗi, ƙungiyar tallafi tana son rahoto mai kyau da za ta kai wa masu ba ta kuɗi. Tun daga ƙasa har sama, kowa yana da amfani in adadin ya kumbura, babu wanda ke da amfani in ya ragu. Ba na zargin malamin da ke koyar da dattawa a ƙarƙashin bishiya ba tare da an biya shi ba, shi ne ma mutumin kirkin da ke cikin wannan harka. Tsarin nake zargi, domin ya mayar da faɗin gaskiya asara. Idan aka ɗauki adadin da aka haifa a wannan yanayi aka zuba shi a kwamfuta, aka zana masa taswira mai launi, ba a gyara komai ba. An dai ƙara masa kwarjini ne, ta yadda zai yi wuyar musantawa.

Akwai kuma kuskuren da ya fi ci mini rai, wato yadda ake auna ɗalibin kansa tun kafin ya zauna. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2010 ya nuna kashi 57.9 cikin ɗari na manya ne suka iya karatu da Ingilishi, amma da aka tambayi karatu da kowane harshe sai adadin ya tashi zuwa kashi 71.6. Wannan tazara miliyoyin mutane ce. A Arewa, da yawa daga cikin waɗanda ke cika ajin manya sun sauke Alƙur'ani ko sun yi nisa a allo, wasu suna rubuta bashi da wasiƙa da ajami. Gwamnati ta san da su, tunda har yau akwai ajami a jikin takardun naira 200 da 500 da 1,000. A Kano an yi shekaru ana buga jaridar Alfijir da ajami, mutane suna saye da kuɗinsu. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, tana naɗa mata malamai da ake kira jaji suna kai karatu ga matan karkara, tun kafin Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta boko a Nasarawar Kano a 1909. Amma fom ɗin shiga aji yakan tambayi abu ɗaya: ka yi firamare ko ba ka yi ba? Wanda ya ce a'a sai a sa shi sahu ɗaya da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Illar wannan a aikace take bayyana. Dattijon da ya san cewa baƙi yana wakiltar sauti, ya san wasali, hannunsa ya saba da tawada, abin da yake bukata shi ne a nuna masa yadda baƙaƙen boko suka yi daidai da waɗanda ya sani. Aikin makonni ne. Idan aka zaunar da shi wata da watanni yana zana layi da da'ira tare da masu farawa daga tushe, zai ga an raina shi, ya ɗauki hularsa ya tafi. A takarda kuma, in ma an lura, sai a ce mutanenmu ba sa son ilimi. Tambaya ɗaya da aka ƙi yi a ranar farko ta kori ɗalibin da ya fi kowa sauƙin koyarwa.

Ko wanda ya jure har ya karɓi takardar shaida, nan alƙalumanmu suke rabuwa da shi, alhali nan ne labarin yake farawa. Karatun da aka koya da girma yana zubewa in ba a amfani da shi. Magabatanmu na Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, irin su Malam Ahmadu Coomassie, sun fahimci haka. Shi ya sa aka kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu arha, larduna kuma suka sami jaridunsu, irin su Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato, ga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Wanda ya fita aji yana da abin karantawa. Haka aka sake gani bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Kano a 1980. Cikin shekarun da suka biyo baya kasuwar littattafan Hausa ta buɗe, mata suka zama masu karatu da masu rubutu, ciki har da Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana yarinya, ta koma karatu da girmanta. Shaidar da ta fi kowane rahoto ƙarfi ita ce matar aure ta ciro kuɗi daga haɓar zaninta ta sayi littafi. Yau wace hukuma ce ke komawa bayan shekara ta tambayi ɗalibanta ko har yanzu suna iya karanta saƙon waya?

Wanda ke son ganin yadda ake amfani da bayanai da gaske, ya leƙa Nijar. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da azuzuwan manya da Hausa da Zabarmanci a ƙauyukan Doso da Damagaram, masu bincike irin su Jenny Aker suna biye da aikin. An sa karatun a rani, kafin damina ta ɗebe mutane. A wasu ƙauyukan an ƙara koya wa ɗalibai amfani da wayar hannu, a wasu ba a ƙara ba. An yi wa mutane jarrabawa kafin a fara, aka sake bayan an gama, sannan aka koma watanni bayan an rufe aji aka sake gwada su. Da haka aka gano cewa waɗanda suka koyi waya sun fi ci a rubutu da lissafi, domin sun sami dalilin taɓa baƙaƙe kullum. Daga baya, a yankunan Maraɗi da Damagaram, aka gwada wani abu mai sauƙi: duk mako a buga waya ga malamin aji da maigari da ɗalibai biyu, a tambaya ko an yi karatu. Wannan kira kaɗai ya ƙara sakamakon ɗalibai. Ba a bukaci babban rumbun kwamfuta ba. An bukaci tambaya mai ma'ana, da wanda ba shi da riba a amsar, da kuma komawa a duba.

Na san abin da za a ce. Za a ce jarraba kowane ɗalibi sau uku tsada ne. Ba sai kowa ba. A zaɓi cibiyoyi da ƙuri'a a kowace ƙaramar hukuma, a aika ɗaliban kwalejojin ilimi ko sashen ilimin manya na jami'o'i irin su Bayero da Usmanu Danfodiyo su miƙa wa mutum takarda ya karanta, su ba shi lissafin cinikin kasuwa ya yi. Kuɗin taron bita guda a otal zai ɗauki nauyin wannan a ƙauyuka da dama. Za a kuma ce ajami ba ya aiki a banki ko asibiti, don haka me ya sa za a ƙirga shi? Amsa ita ce ana ƙirga shi ne domin a san daga inda za a ɗora wa mutum boko, a gajarta masa hanya, a kuma rage kuɗin da ake kashewa a kansa. Sannan za a ce sai an sami cikakken adadin marasa karatu a ƙasa kafin a yi tsari. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya an yi ta ne a 2006, wadda aka shirya a 2023 kuma an ɗage ta. In sai an jira wannan adadi, wata tsarar za ta tsufa ba ta karanta sunanta ba. Mai tsara aji a Gumel ko Illela ba ya bukatar jimillar ƙasa. Yana bukatar sanin abin da ke faruwa a azuzuwansa.

Abin da ya kamata a ƙirga ba shi da yawa. Me ɗalibi ya iya ranar da ya zo, da boko da ajami da lissafin ka? Kwana nawa aka yi karatu da gaske, kuma a wane wata mutane suka fara ɓacewa? Waɗanda suka daina zuwa, me suka ce da bakinsu, musamman mata? Wata nawa malami ke bin bashin alawus? Bayan shekara da rufe aji, mutum nawa ne ke iya karanta takardar magani, ya rubuta saƙo, ya duba rasit? Kowace amsa a nan tana nuna gyara kai tsaye: a sauya lokacin aji, a raba ɗalibai gida biyu, a kai karatun cikin Islamiyyar matan aure inda mata suke zuwa da yardar mazajensu, a biya malami, a samar da abin karantawa.

Amma duk wannan ba zai yi aiki ba sai an cire tsoro daga faɗin gaskiya. Malamin da ya kawo rahoton cewa ajinsa ya ragu, ya kuma faɗi dalili, shi ya kamata a taimaka wa, a daina rufe masa cibiya. Sakamakon jarrabawar kuma a karanta shi a gaban ɗalibai da mai unguwa, a kuma faɗe shi a rediyo da Hausa, domin mutanen da aka auna su ne suka fi cancantar su ji. 'Yan majalisar jihohi da ke amincewa da kasafin hukumomin ilimin manya su daina karɓar adadin rajista a matsayin hujjar aiki. Su tambayi mutum nawa ne suka iya karatu, wa ya gwada su, kuma yaushe. Hukumar da ba ta da amsar wannan tambaya ba ta san aikinta ba tukuna, komai yawan kwamfutocin da ke ofishinta.